Wayar da Donka ke riƙewa

Kowa a ƙauyenmu ya san hasumiyar Jelyu, dogon ƙarfe mai gaɓa uku da ke shigewa cikin juna, da eriya a kai. Da ita yake hira ta rediyo da 'yan oba-oba irinsa har Japan, alhali ni da katanga kawai ta raba mu, gaisuwa ma sai na roƙa.

Sauke ta aikin mutum biyu ne. In hadari ya taso daga kan dutse, shi yana juya mariƙi hasumiyar na sauka, matarsa Donka tana tattara wayar eriya tana naɗewa cikin tsohon baho, idonta a sama. Da ta ga wayar za ta shiga tsakanin ƙarafa sai ta daka masa tsawa, "Tsaya, kurma!" Ya tsaya cak. Tun aurensu haka suke yi, shi bai taɓa ɗaga kai ba.

Donka ta rasu da hunturu. Bayan sadakar arba'in 'yarsu Ralitsa, wadda ke aiki a birnin Sofiya, ta tsare shi a gabana.

"Baba, ka tattara mu tafi. Akwai ɗaki a wurina."

"In kafa eriya a ina? Kan firij?"

"To, na ji. Amma ran da ƙarfen nan ya fi ƙarfinka, ba sauran gardama."

Ya amince. Da ta tafi na ce, "Maƙwabci, in za ka sauke, ka kira ni."

"Kai? Da ko igiyar shanya ba ka iya naɗewa?"

Na ji haushi, amma tausayinsa ya fi yawa. Gidan nan da rediyon nan su kaɗai suka rage masa.

Wata rana da kaka ina gasa tattasai a tsakar gida, sama ta yi baƙi ƙirin. Sai na ji kukan mariƙi. Na leƙa ta katanga, na hango wayar ta lanƙwashe ta shige tsakanin gaɓa da gaɓa, shi kuwa kansa a sunkuye yana ta juyi. Na ƙwala masa kira, iska ta kwashe. Kafin in zagayo ƙarfen ya datse wayar, ya cije a tsakiya, ba sama ba ƙasa. Muna tsaye muna kallo guguwa ta tanƙware hasumiyar ta kwantar da ita kan rumfar inabi.

Ralitsa ta zo da mota. Bai yi musu ba ko kaɗan, abin da ya fi karya mini zuciya ke nan. Rediyon ma bai ɗauka ba.

A bakin mota na kasa haƙuri. "Jelyu, don Allah, ba ka ji mariƙin ya yi nauyi a hannunka ba?"

"Na ji."

"To me ya sa ka ci gaba da juyawa?"

Ya dubi bahon da ke jingine a gindin ƙarfen, ruwan sama ya cika shi.

"Ba ta ce in tsaya ba."