Gurbin da Ake Bari a Kiɗan Saiwa

Duk wanda ya san Sanusi a unguwar Longsight ta Manchester ya san bakinsa ba ya iya furta a'a. Ko mai raba takardun talla ne ya daɗe a ƙofarsa, sai ya tambaye shi ko zai sha shayi. Wannan halin ne ya cinye ƙungiyarsu ta kiɗan rege irin na Jamaika, ko da yake in ka tambaye shi, cewa zai yi zamani ne ya canza.

Su huɗu suka fara, tun yana ɗalibi sabon zuwa daga Kano. Shi ne a kan ganga. Jabez, ɗan unguwar Moss Side wanda iyayensa suka zo daga Jamaika, shi ne mai waƙa. Tomas na jan gitar bes, Bethany kuma na kan fiyano. Sanusi ya raɗa musu suna Saiwa. Kiɗansu irin na asali ne, mai tafiyar hankali, kuma duk daɗinsa na cikin wani ɗan gurbi: bugun farko ba a buga shi, a bar shi wayam, sai mai sauraro ya ɗan jira sannan ganga ta sauko. Waƙarsu ta farko ta shiga rediyo, aka yi ta jin ta a shagunan aski daga Manchester har Birmingham.

Sai Lawal ya zo. Ƙanen wani abokin Sanusi ne, ya zo karatu kaɗaici ya dame shi, kuma yana da caki na ƙwarya da ya taho da shi daga gida. Ya zauna a gefe wajen gwaji yana ta kallon Sanusi. Ina Sanusi zai iya da wannan kallon? Ya ce ya matso. Bayan Lawal sai mai gidan hayar Tomas da ƙahonsa, sai wani mahauci da ya rantse ya iya sarewa, sai mata biyu 'yan amshi, sai mijin ɗaya daga cikinsu, wanda bai iya komai ba amma ba ya son zaman gida shi kaɗai. A wurin Sanusi, wanda ya zo ya zauna ya zama baƙo, baƙo kuwa ba a barin sa hannu banza.

Kafin a ankara sun haura goma sha biyar. Mota ɗaya ba ta ɗaukar su, dandamali ba ya ɗaukar su, har an taɓa ajiye mai ƙaho a bakin ƙofar kicin yana busa daga can. Mafi muni, ɗan gurbin nan ya cike. Kowa ya ga wuri babu kowa sai ya jefa nasa, kiɗan ya koma kamar kasuwar Longsight ranar Asabar. Masu gayyata suka daina kira. Ba a yi faɗa ba, ba wanda ya cuci wani, kowa dai ya kama aikinsa, Sanusi ya koma gyaran na'urar ɗumama gidaje.

Shekaru suka shige, furfura ta fito. Rannan Jabez ya bugo waya daga unguwar Erdington ta Birmingham, inda ya koma da zama.

"Malam, ƙarshen wata zan koma Jamaika gaba ɗaya," in ji shi. "Na samar mana wani ɗan zauren taro a nan, ranar Lahadi da rana. Ina so in ji waƙarmu sau ɗaya yadda muka fara ta. Mu huɗu. Ka ji ni? Huɗu."

Sanusi ya ce ya ji. Ya ajiye wayar, ya san in ya ɓata wannan karon babu wani.

'Yarsa Hana, wadda aka haifa a nan Manchester, tana jin komai daga kicin.

"Baba, ba za ka iya ba," ta ce. "Honestly. Uncle Lawal zai kalle ka sau ɗaya, shi ke nan."

"Ke, ki kiyaye ni. Ni ba yaro ba ne."

"To mu yi practice. Ni ce Uncle Lawal. Yaya Sanusi, zan iya zuwa?"

"To, ai in akwai wuri..."

"Ka gani?"

Labari kuwa ba ya kwana a Longsight. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Lawal ya tare shi a bakin titi. Yanzu shi ma dattijo ne mai tumbi, yana koyarwa a jami'a, amma kallon nan yana nan yadda yake.

"Yaya Sanusi, na ji abin alheri. Cakin yana nan, na goge shi tun jiya."

Sanusi ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi aiki, ya tambaye shi ciwon gwiwarsa, ya sake komawa kan iyali. Da gaisuwa ta ƙare masa, sai ya dubi takalminsa.

"Lawal, wannan karon mu huɗu ne. Jabez ne ya roƙa, kuma yana da gaskiya. Ba da kai ba."

Lawal ya ce, "To, ba komai, Yaya," ya juya. Sanusi ya ji kamar ya mari ɗan'uwansa a bainar jama'a, ranar ko abincin rana bai iya ci ba. Amma tunda ya iya da Lawal, sauran sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mahaucin ma har ya ƙara masa hanta, wai don tausayin yadda yake gumi.

Ran Lahadi Hana ta tuƙa shi zuwa Birmingham, ganguna a bayan mota. A hanya wani sabon tunani ya kama shi: wa ma ya tuna da Saiwa? Ya kori mutanen da suka rage masa a duniyar kiɗa, yanzu sai su buga wa kujeru.

Da ya leƙo daga bayan labule, sai ya ga zauren ya cika. Mai ƙaho ya zo da 'ya'yansa da jikoki. 'Yan amshin nan biyu sun zo, da mijin da har yau ba ya son zaman gida. Mahauci ya rufe shago ya zo. A layin gaba ga Lawal, cakinsa a kan cinya.

Jabez ya hango cakin, ya juyo ya harari Sanusi.

"Na rantse na faɗa masa," in ji Sanusi.

Babu lokacin gardama. Tomas ya ja bes, Bethany ta shigo, Sanusi ya ɗaga sanda. Idonsa na kan Lawal, don ya san daidai inda hannun nan yake kaɗawa tun suna samari. Gurbin ya zo. Lawal ya cusa cakin tsakanin gwiwoyinsa ya matse shi da hannu biyu, ya runtse ido kamar mai shan magani mai ɗaci. Mai ƙaho ya rufe bakinsa da tafin hannu. Zauren ya yi tsit na ɗan ƙiftawar ido, sannan ganga ta sauko.

Jabez bai shiga waƙar inda ya kamata ba. Ya tsaya riƙe da makirfo, yana dariya, hawaye na bin gemunsa, ya bar su suka sake zagayowa don ya ƙara ji. Sanusi ma daɗi ya kama shi.

Haka suka kai ƙarshen waƙar ba wanda ya taɓa gurbin. Da tafi ya lafa, Jabez ya share fuska ya ce ya ji abin da ya zo ji. Sannan ya dubi layin gaba.

"Lawal, hawo. Ka cancanci wannan."

Lawal ya girgiza kai, ya ƙara matse cakin.

"A'a, ku maimaita ta ku huɗu," ya ce. "Ni duk shekarun nan ina ciki ina kaɗawa, ban taɓa jin ta ba sai yau."