Gardamar Ƙarshe ta Don Plinio

Casilda na tsaka da juya Don Plinio domin ta shafa masa mai a baya, sai muryar Eufemio mai aski ta sake ratso taga.

"Ni dai na faɗa, in aka bar Cuevas ya buɗe jifa ranar Juma'a, an kashe mu. Shekararsa talatin da takwas, sau biyu ana yi masa tiyata a gwiwar hannu."

"To Pegueron naka fa?" in ji Wenceslao ɗan acaɓa. "Ƙarfi ne kawai babu saiti. Shi kansa bai san inda ƙwallon za ta ba."

Casilda ta ja tsaki. Tun da 'yan kore, ƙungiyar garin, suka kai wasannin ƙarshe na besbol, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, inda za su kara da 'yan shuɗi, mazan layin ba su da wata magana a kan teburin domino. Wasa bakwai ne, wanda ya riga cin huɗu shi ke ɗaukar kofi, kuma kowannensu ya rantse cewa mai jifan farko shi ne komai.

"Bari in je in kore su," ta ce.

"Ƙyale su, maƙwabciya," in ji tsohon, bakinsa a cikin matashi. "Fitar da ni za ki yi."

"Ina?"

"Waje."

"Kai da ko romo cokali biyu ka kasa haɗiyewa?"

Ta zauna a bakin gadon tana jin ƙugunta kamar an ɗaure shi da waya. Wata biyar ke nan. Da kwanon miya ta fara, ranar da ta lura tagarsa ta kwana biyu a rufe. Daga miya sai wanki, daga wanki sai rakiya asibiti, yau ga shi ita ce mai yi masa wanka, ita da shekaru sittin da ɗaya da nata hawan jinin. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa tilo, Nereida, tana New York tana jinyar tsofaffin wasu. Ran Litinin likita ya ja Casilda gefe ya ce ciwon hantar ya gama aikinsa, kwanaki suka rage. Ta buga wa Nereida, ita kuma tana kuka ta ce wurin aiki ba za su sake ta ba sai Asabar.

"Casilda," ya sake cewa. "Na gaji da kallon silin ɗin nan."

Ta miƙe ta leƙa taga. "Wenceslao, ajiye dominon nan ka zo da mutum ɗaya."

A kujerarsa mai lilo suka ɗauko shi, ba shi da nauyin buhun shinkafa. Suka ajiye shi a baranda inda inuwar la'asar ta faɗo, ta rufe masa ƙafafu da tawul. Mazan suka taso ɗaya bayan ɗaya suka tsaya jikin ƙarfen baranda. Shekara arba'in ya yi a masana'antar sukari, goma sha takwas daga ciki shi ne mai tsugunno yana cafkar jifa a ƙungiyar ma'aikata. Babu yatsa ɗaya miƙaƙƙe a hannunsa na dama. A layin nan, in gardamar ƙwallo ta ƙi ƙarewa, wurinsa ake kawo ta, kuma ba a taɓa tashi ba tare da an yi masa musu ba.

"Don Plinio, ai ka yi kyau," in ji Wenceslao. "Jiki ya yi sauƙi ke nan."

Tsohon ya dube shi. "Wa kuka ba wa ƙwallon?"

"Ai kai muke jira."

"Cuevas," ya ce a hankali.

Duk suka gyaɗa kai, har da waɗanda ɗazu suke cewa Cuevas ya tafi gida ya yi renon jikoki. Wani ya ce lallai gogewa ta fi ƙarfi. Wani ya ce dama abin da yake ta faɗa ke nan. Eufemio kaɗai ya tsaya can baya, hannuwansa a aljihun rigar aski, yana kallon kwata.

Don Plinio ya bi su da ido. Ya numfasa, ya ce, "Kuma ya yi jifa a wasan farko, da na biyu, da na uku. Kullum shi, babu hutu."

Casilda, da ba ta taɓa shiga filin wasa ba, ta san wannan shirme ne. Amma sai Wenceslao ya ce, "To, ai mutanen da haka suke yi."

"Haka ne," in ji na kusa da shi.

Ta ga haɓar tsohon ta sauka a ƙirjinsa. "Mai da ni ciki, maƙwabciya," ya ce. "Waɗannan sun riga sun binne ni."

Ta sunkuya za ta tattara tawul ɗin, sai Eufemio ya matso.

"Plinio, ƙarya kake yi, kuma ka sani."

"Eufemio," in ji Casilda.

"A'a, Doña Casilda, bar ni da shi. Shekara hamsin ina sauraron wannan mutumin. Don dai kawai Cuevas bahago ne, kai kuma ka taɓa cafkar wa wani bahago jifa a zamanin da ake tafiya wasa a keken shanu, shi ke nan duk bahago waliyyi ne. Cuevas ya ƙare. Jifansa ko ni zan buge shi da tsintsiyar shagona."

Kan tsohon ya ɗago. "Kai da ko kan mutum ba ka iya saitawa?"

"Naka ne ba ya saituwa."

"'Yan shuɗi," in ji Don Plinio, ya dakata ya nemi numfashi, "manyan masu bugunsu huɗu duk bahagwai ne. Jifa mai gudu suke so. Ka ba su Peguero, kafin zagaye na uku sun koro shi."

"Wancan watan ya fitar da tara daga cikinsu."

"Da rana. A filinmu. Iska na bayansa."

"Yanzu kuma iska ce? Gobe ka ce tsuntsaye ne."

Wenceslao ya manta da kansa ya shiga, ya ce iskar ba ƙarya ba ce. Wani ya ce masa ya koma kan babur ɗinsa. Muryoyi suka hau juna. Casilda ta koma bakin ƙofa ta jingina. Tsohon ba ya iya fitar da fiye da kalma huɗu a jere, sauran da karkataccen yatsansa yake faɗa, yana nuna wa Eufemio yadda ƙwallon Cuevas ke faɗuwa a gaban mai bugu. Kusan rabin awa suka yi. Da ta ga leɓɓansa sun bushe ta ce ya isa.

Eufemio ne ya kama kujerar ta baya. Suna shiga ƙofa ya ce, "Ban yarda ba fa."

"Jaki ba ya yarda," in ji Don Plinio, idanunsa a rufe.

Da safe ya sha kofi rabin cokali. Wajen ƙarfe goma Casilda tana yanke masa farce ta ji hannun ya yi nauyi a cikin nata. Ta jira. Ta ƙarasa yatsa biyun da suka rage, ta rufe masa ido, ta ɗaure masa haɓa da kallabinta, sannan ta aika a kira fadan coci. Ba ta yi kuka ba, ta neme shi ba ta samu ba. Nereida ce ta yi na su biyu a waya.

Ran Juma'a aka binne shi, don zafi ba ya bari a jira. A hanyar dawowa daga maƙabarta rediyon motar ya ce kociya ya ba wani na uku ƙwallon, wani Almonte da babu wanda ya ambata a layin. Eufemio ya buɗe baki, ya juya gefensa neman abokin gardamarsa, sai ya rufe. Ya ce wa direba ya kashe.

Nereida ta iso Asabar da azahar, da akwati biyu da magungunan da ta sayo masa. Ta rungume Casilda a baranda ta daɗe ba ta sake ta ba.

"Inna Casilda, ya sha wahala?"

"Ran Laraba har zagi ya yi," in ji Casilda. "Ga makulli. Akwai shinkafa da wake a tukunya, ki ɗumama."

Ta tsallaka zuwa nata gidan. Ƙura ta kwanta a kan tebur, ayabar da ta saya tun makon jiya ta yi baƙi a kwando. Ba ta taɓa komai ba. Ta zauna a bakin gadonta ta cire takalma, ta daɗe tana kallon shatin igiyoyinsu a kumburarrun ƙafafunta.