Man da Aka Zuba wa Jirgin Kakana

Aikina haɗa injin jirgin sama ne, amma ban taɓa shafar baƙin mai da hannuna ba. Mu biyar ne a wani ɗan ofis a Kagoshima, muna yin wasan kwamfuta na tuƙa jiragen yaƙin da, irin wanda mutum zai sa tabarau ya kama sandar tuƙi ya ji kamar a sama yake. Ni ce mai injin: zafinsa, ƙararsa, man da yake sha. Masu sayen wasanmu kuwa ba su da kunya, ka kuskure ƙusa ɗaya su zage ka har kakanninka.

Nawa kakan ba sai sun wahala ba, mutanen ƙauyensu sun riga su. Matuƙin jirgi ne a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. An tura shi da abokansa tsibirin Okinawa, tafiyar ƙunar baƙin wake da ba a dawowa, sai ya juyo daga kan teku, ya ce injinsa ya yi ta tari yana ɓarin mai. A cikin abokan ba wanda ya dawo. Ya ƙare rayuwarsa yana noman dankali, ba ya zuwa bikin ƙauye, ya rasu ban isa shiga makaranta ba. A gidan Goggo Fumie, babbar 'yarsa, inda ake jera hotunan mamata ana kunna musu turare, nasa yana can baya, na kakata ya rufe rabinsa.

Bana sai aikin injin irin jirginsa ya faɗo a kaina. Da na gama, bakina da ba ya riƙe magana ya gaya wa Goggo. Sai ga ta a ofis da ƙunshin gasasshen dankali, ta bi kowa ta rusuna masa, sannan ta tsaya a bayan kujerata.

"Chizu, wannan abin naki gaskiya yake faɗa, ko wasan yara ne?"

"Gaskiya zalla, Goggo. Abin da injin ainihi zai yi, shi wannan zai yi."

"To, kai shi Okinawa in gani."

Na tayar da shi ina ƙafafa. Injin nan ya yi ta gurnani lafiya lau har tsibirin ya bayyana.

"Bai yi tari ba," in ji Goggo.

"Ai ba ya yi," na ce, da alfahari ma.

Ta gyaɗa kai. "Ashe mutane ba ƙazafi suka yi masa ba." Ta sake rusunawa kowa, ta fita.

Tokushige, mai zana mana fukafukai, ya ɓare dankalinsa ya ce, "Sannu da aiki, malamar injina. Tsohuwa ta kawo miki dankali, kin sallame ta da shaidar cewa ubanta matsoraci ne." Saura kaɗan in jefe shi da kofin shayi, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne bai yi ƙarya ba.

Ranar Lahadi na je ƙauye. Na same ta tana cire ciyawa a bayan gida. Ban san ta inda zan fara ba, sai na tsuguna ina taya ta. Ita ta fara magana, ba ta dube ni ba.

"Ina 'yar shekara takwas aka fitar da mu daga aji, aka kai mu dutse tonon saiwar matsu, wani itace mai yawan ƙaro. Dafa ta ake yi a tatsi mai, aka ce mana jirage za a zuba wa. Hannuna duk ya fashe, ina murna, wai man jirgin Baba nake tonowa. Shi kuma ya juyo."

Ciyawar ta faɗi daga hannuna. Ƙasar da ta kai ga tura yara tonon saiwa, wane irin mai ya rage a tankunanta? Ni kuwa alƙaluman da na gina injina a kansu na Amurkawa ne. Bayan yaƙi sun kwashi jiragenmu, suka gyara su tsaf, suka sa musu sababbin fulogi, suka zuba musu nasu man mai kyau, suka gwada, suka rubuta. Duk mai irin sana'armu a kansu yake dogara, don a tsare suke, namu takardun kuwa an ƙone da yawansu lokacin da aka miƙa wuya. Wato na ɗauki jirgin kakana na shayar da shi man da bai taɓa ɗanɗanawa ba, sannan na kafa shi shaida a kansa.

Na koma na warware aikin. Na bi gidajen tarihi da masu gyaran tsofaffin injina, na tattaro abin da ya samu: mai maras ƙarfi, fulogi masu saurin toshewa, robar da ke tsagewa ta bar mai ya tsiyaye. Tokushige ya ce 'yan wasa za su ci namanmu ɗanye in muka ba su jirgi mai ciwon ƙirji. Na ce su ci, su haɗa da nasa.

Sai dai sakamakon bai zo yadda nake so ba. Wani tashin injin ya shaƙe a kan teku, wani tashin ya kai Okinawa sumul. Lamba ɗaya zan taɓa ya riƙa mutuwa kullum, kuma ba wanda zai sani. Na daɗe ina kallonta, raina yana so ƙwarai, na bar ta yadda take.

Na kira Goggo ta sake zuwa, na gaya mata komai. "Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, mai yiwuwa ba haka ba. Iyakar abin da na iya ke nan. Ki yi haƙuri."

Ta ce, "Tashi in zauna."

Na ɗaura mata tabarau, na tayar mata da jirgin, na ɗora hannunta a kan sanda. Ni da Tokushige muna bin ta a ɗaya allon. Dutsen Kaimon na bakin teku ya wuce ta gefenta, ƙasa ta ƙare, sai ruwa. Ina ta duban ma'aunin mai ina roƙon ya faɗi, shi kuwa ko gezau. Goggo ta waiga, ta daɗe tana kallon baya. Can sai ta karkata sandar a hankali, jirgin ya yi kwana har dutsen ya dawo gabanta.

"Goggo, injin lafiyarsa ƙalau fa."

"Ina jin sa, ba kurma ba ce ni."

"To, me ya sa kika juyo?"

"Ba ki ga gidanmu ba?"

"Ba mu zana ƙauyen ba, Goggo."

"Ni na gani. Ina bakin rijiya, babanki yana goye a bayan Inna." Ta cire tabarau ta miƙo mini, ta nemi jakarta.

Ni na mayar da ita gida a mota. Muna shiga ta wuce wurin hotuna, ta durƙusa, ta ɗauko nasa ta goge shi da hannun rigarta, ta ajiye shi a gaba kusa da na kakata. Ta kunna turare.

"Ranar da ya shigo gidan nan ba wanda ya gaishe shi," in ji ta. "Na buɗe baki, Inna ta matse mini hannu, maƙwabta suna ji." Ta haɗa tafukanta, ta sunkuyar da kai. "Sannu da dawowa, Baba."