Alhajin da Ya Ajiye Marsandi Ya Bi Shanu

A shekarun da kuɗin mai suka ɓalle a Fatakwal, tumbi shi ne shaidar cewa mutum ya dawo da ƙafar dama. Mutanenmu da suka gudu Arewa lokacin tashin hankali sun komo bayan yaƙi a rame, kowa da tabarmarsa da butarsa, saboda haka wanda Allah ya buɗa wa ba ya ɓoyewa. A cikin Hausawan unguwar Mile 3 kuwa, in ana maganar tumbi, sai dai kowa ya ba Alhaji Gimba hanya. Shanu yake kawowa daga Arewa tirela-tirela yana sayar wa mahautan mayankar Trans-Amadi. Ya sayi farar Marsandi, ya ɗauki direba, har ta kai ko masallacin Juma'a da ke bayan layinsu sai an kai shi a mota. Matarsa Baiwa tana kallon wannan tumbi tamkar gonar da ta nome da hannunta, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Da can ba haka yake ba. Yana saurayi, mai korar shanu ne a ƙasa, siriri kamar sandar hannunsa. Wanda ya koya masa aikin shi ne Baba Kallamu, tsohon da ya sauko da garke daga Arewa zuwa bakin teku da ƙafarsa tun ba a san tirela ba. Baba yana da ɗa guda, ya rasa shi a shekarar gudu, ko kabarinsa bai sani ba. Da aka dawo, Gimba ya gina masa ɗaki a gidansa, ya ce nan zai ƙarasa kwanansa.

Abin da ya tona asirin tumbin jana'iza ce. Wani mahauci ya rasu, aka sallace shi, aka ɗauki makara a kafaɗa za a kai maƙabarta. Alhaji Gimba ya shiga sahu da babbar rigarsa don ya sami ladan rakiya. Ba a wuce gidan man kan kwana ba numfashinsa ya fara sarƙewa, idonsa ya yi duhu, ya lallaɓa ya zauna a kan kwalbati yana haki. Jama'a suka yi ta wucewa suna kau da kai don kada su kunyata shi. Can a ƙarshen sahu ga Baba Kallamu yana dogara sanda. Ya tsaya, ya dube shi daga hula zuwa takalmi, ya bi makara. A mota aka mai da Alhaji gida.

Da yamma tsohon ya sa aka kira shi.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Kai ne da hutawa, Gimba. Na ga irin hutun da ka yi a kan kwalbati." Ya gyara zama. "Ba faɗa zan yi maka ba, roƙo ne. Ka san ba ni da kowa. Ran da tawa ta zo, ina so ka raka ni da ƙafarka, ka kama makarata, ka shiga ramin ka karɓe ni da hannunka. Da ɗana yana nan, aikinsa ne. To, yau na dube ka, na ga ko an sauke ka a ramin da igiya ba za ka iya sunkuyawa ba."

Gimba ya so ya yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa. Kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ya ce, "In Allah ya yarda, Baba, ni zan karɓe ka."

"To, ka hanzarta. Ba ni na riƙe lokacin ba."

Washegari ya je asibiti. Likita ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya girgiza kai, ya ce jininsa ya hau, kitse ya danne zuciya. Ya ce ya rage mai da ƙashin miya, sa'annan ya riƙa tafiya a ƙasa kullum, ba 'yar ƙarama ba, wadda za ta sa shi gumi ƙirjinsa ya buga. "No be small small waka o, Alhaji," in ji shi. "Waka wey go make you sweat, make your chest dey beat."

Ƙanensa Zailani, akawu a wani kamfanin mai, ya ji wannan ya taɓe baki. "Yaya, tafiya ai ba exercise ba ce. Kowa ma tafiya yake yi. Turawan wurinmu gudu suke yi da gajeren wando, ko su hau keken motsa jiki." Alhaji ya ce gudu da gajeren wando a Mile 3, da gemunsa da jikokinsa, sai dai bayan ransa. Amma keken ya saya, wani mai ƙafa ɗaya wanda ba ya zuwa ko'ina. Ya hau sau biyu, sirdin ya ci masa mutunci, ya sauka. Kafin sati ya zagayo Baiwa ta mai da shi wurin shanyar zannuwa.

Sai ya koma ga maganar likita. Bayan sallar asuba ya sa takalmi ya fita, niyyarsa ya zaga kasuwa ya dawo. Wanda bai san unguwar Hausawa ba ne zai zaci haka abu ne mai sauƙi. Bai kai bakin layi ba mai shayi ya miƙe: an tashi lafiya, ya iyali, ya Baba da jiki, ya aka ji da ruwan jiya? Babban mutum ba ya amsa gaisuwa yana tafiya, dole ya tsaya. Ya gota kaɗan, ga 'yan albasa sun durƙusa. Ya gota, ga liman. Da ya samu ya kai titi sai wata Fijo ta ci birki a gabansa.

"Subhanallahi, Alhaji! Ina motar? Shigo in kai ka."

"Na gode, tafiya nake yi."

"Ina za ka?"

"Babu ko'ina."

Mutumin ya dube shi da tausayi ya ja mota. Bayansa mai Vespa ya tsaya, sai wani direban tasi ɗan gari ya leƙo da kai yana tambaya ko motar ce ta lalace: "Oga Alhaji, motor don spoil?" Ya dawo gida da hantsi, ko ɗigon gumi babu a goshinsa, ya kuma sha shayi kofi biyu da ƙosai a hanya, don ba a mai da hannun kyauta.

Haka aka yi ta yi har Zailani ya sami abin faɗa. "Ka gani ko, Yaya? Wannan ba motsa jiki ba ne, zumunci ne." Haushin da Alhaji ya ji shi ne gaskiya yaron ya faɗa. Ga kuma magana ta fara yawo cewa Alhaji Gimba ya karye, an gan shi yana gararamba a ƙasa ba inda za shi. Baiwa ta dawo daga gidan suna ranta a ɓace, ta ce mata sai yi mata jaje suke a kaikaice. A ɗakin waje kuwa tarin Baba Kallamu kullum ƙaruwa yake, kuma duk tarin da ya yi sai gaban Gimba ya faɗi.

Wata safiya ya je wurin da tireloli ke sauke masa shanu a bayan gari. Yana zaune a mota da gilashi a rufe, yana kallon Falalu, shugaban masu kora, da mutanensa suna haɗa kan garke za su nufi mayanka. Shanun sun kwana biyu a tsaye cikin mota, suna sauka suka miƙa wuya suka kama hanya da sauri, masu kora na binsu da sassarfa. Wani ya ɗaga wa Falalu hannu daga gefen titi, Falalu ya ɗaga sanda kawai ya wuce, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Alhaji ya daɗe yana kallon wannan. Sai ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa direba, ya ce ya je ya jira shi a Trans-Amadi.

"Falalu, ba ni sanda."

"Ranka ya daɗe, wani abu muka yi?"

"Ba ku yi komai ba. Ba ni sanda, na ce."

Ranar ya sha wuya, ba a magana. Saniya ba ta san Alhaji ba, ba ta jiran kowa ya gama gaisuwa. Ƙirjinsa ya riƙa bugawa kamar ana daka, gumi ya jiƙe 'yar shararsa, cinyoyinsa suka saluɓe. Bai kai rabin hanya ba ya zube a gindin wani mangwaro, Falalu ya aika aka kira direba. Amma da tirela ta gaba ta iso, ga shi nan da sandarsa. A hankali mangwaron ya koma bayansa, sai gadar da ke gaba, sai wata rana ya tsinci kansa a ƙofar mayanka, mahauta sun saki wuƙaƙe suna kallonsa baki buɗe. Ranakun da ba shanunsa, sai ya bi na abokan sana'a. Masu mota suka daina tsayawa, don mai bin garke kowa ya san inda za shi. Tsohuwar muryarsa ta kora ma ta dawo, wadda in ya daka wa bijimi tsawa sai ya koma layi.

Damina ta shigo da ruwan Fatakwal da ba ya gajiya, ya bi shanu cikin taɓo. Rani ya yi, ya bi su cikin rana. Mazagin wandonsa ya riƙa tsawo, tela ya rage masa riguna har sau biyu. Baiwa ta yi fushi, ta yi kuka, ta ce zai sa a ce ba ta iya girki ba. Daga baya da ta lura ya daina munsharin da ke hana ta barci, ita da kanta ta rage man ja a miya, ko da yake ba ta taɓa yarda cewa ta rage ba. Mutanen unguwa suka kasu: masu cewa ciwon sukari ne, masu cewa sammu ne, masu cewa rowa ce ta hana shi biyan masu kora. Zailani dai bai sauka daga kan bakansa ba. Ya ce wannan ai ba tafiya ba ce, rabin gudu ne. Alhaji ya ce ya kira ta duk sunan da ya ga dama.

Kullum ya dawo sai ya leƙa ɗakin Baba da taɓonsa da warin shanunsa. Tsohon, wanda yanzu ba ya iya tashi, sai ya shaƙi warin ya lumshe ido.

"Farare ne yau ko jajaye?"

"Jajaye, Baba, masu dogon ƙaho."

"Sai ka bi su ta hagu, ba sa son ƙarar mota." Sa'annan ya miƙa hannu ya daki cikin Gimba da bayan yatsu, yadda ake gwada kankana. "Da saura. Amma ramin zai ɗauke ka."

Baba Kallamu ya cika wata safiyar Talata a damina ta biyu, bayan an kwana ana ruwa. Aka yi masa wanka, aka sallace shi a ƙofar gida. Masu kuɗin unguwa suka ce hanya ta ɓaci, a sa makara a bayan a-kori-kura. Alhaji Gimba ya ce a'a, mutumin da ya zo garin nan da ƙafarsa a kafaɗa za a kai shi. Ya naɗe ƙafar wando, ya kama gaban makara ta dama.

Suka wuce gidan man kan kwana, suka wuce kwalbatin nan, bai ko dube shi ba. In wani ya matso neman lada sai ya sakar masa, ya yi tafiya a gefe, can kuma ya sake sa kafaɗa. Taɓo ya cinye takalman mutane, samari suna haki, Zailani ya tsaya sau biyu yana riƙe da ƙugu. Numfashin Alhaji na fita da ƙarfi amma a daidai, irin na mai bin garke. Mutanen da suka kau da kai a waccan jana'izar yanzu shi suke kallo, kuma ya san suna kallo, ya kuma ji daɗin hakan har cikin ransa, Allah ya yafe masa.

A bakin kabari liman ya tambaya wa zai shiga. Kafin a rufe baki Gimba ya cire hula ya miƙa wa Falalu, ya dafa gefe ya dira. Ramin ya ɗauke shi. Aka miƙo masa Baba, ba nauyi, kamar damin kara. Ya durƙusa, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya kwantar da shi a kan damansa yana fuskantar alƙibla, ya gyara masa likkafani a kafaɗa. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

A hankali, yadda na sama ba za su ji ba, ya ce, "Baba, ni ne Gimba. Da ƙafata na zo."

Da aka gama jera itace, Zailani ya miƙo hannu zai jawo shi. Alhaji ya girgiza kai, ya dafa bakin ramin da tafukansa biyu, ya fito da kansa.