Bakan Ilu Bahago

Mahaifinmu, Ilu Bahago, ya rasu wata Laraba da rani, shekara guda kafin a ba ƙasar nan 'yancin kai. Duk Birchi babu maharbi kamarsa. Ba don ubana ne na faɗa ba, ku tambayi tsofaffin Kurfi, in akwai sauran wanda hankalinsa bai bi haƙoransa ba. Ni Hasana a lokacin ina gida, na fito daga aurena na biyu. Wancan labarin daban ne, kuma laifin mijin ne.

Gidanmu gidan farauta ne tun daga kakan kakanmu, kuma doka biyu gare mu game da baka. Ta farko, mace ba ta taɓa shi. In ta taɓa, bakan ya mutu, sa'ar daji ta bar gidan ke nan har abada. Ta biyu, in maharbi ya rasu, kafin a fita da gawarsa babban ɗansa zai kwance tsirkiyar bakan, ya ce, "Baba, farauta ta tashi, ka huta." In ba a yi haka ba, mamacin bai san an tashi ba.

To, babban ɗan Baba shi ne ƙanena Sabitu, shi kuwa yana Dutsin-Ma yana ɗinki da keke. Ko kurege bai taɓa harbowa ba. An aika masa tun da safe, amma bai iso ba sai bayan la'asar. Zafi ake zubawa, liman ya ce ba za a ajiye gawa ba, aka kai Baba. Bakansa yana rataye a bangon turakarsa, tsirkiya a ɗaure, kwari a gefe da kibau biyar.

Gogo Ma'u, ƙanwar Baba, ba ta bari Sabitu ya sha ruwa ba.

"Shiga ka kwance. An makara, amma gara yanzu."

Ya shiga, ni kuma na laɓe bakin ƙofa, don tun ina yarinya ban iya barin abu ya wuce ni ba. Ya tsaya gaban bakan. Ya kai yatsa ya shafa ƙullin.

"Gogo, wannan ƙullin hannunsa ne. Dubi, ta hagu ya juya shi. Ban ga fuskarsa ba, ban sa masa ƙasa ba. Wannan kaɗai ya bar mani, ki ce in kwance?"

"Kai ɗan nan, ba wasa ba ne."

"Bayan sadakar bakwai," ya ce, ya ja asabari ya fito. Idonsa a bushe ƙamas. Matan maƙwabta har suna ta yaba masa haƙuri.

Washegari da hantsi ina shara, sai na ga Guntuwa ta miƙe. Tsohuwar karyar Baba ce, tun da ya kwanta ciwo ba ta ko ɗaga kai. Ta je ƙofar turaka ta tsaya tana kaɗa wutsiya, kanta a sama, daidai inda fuskar mutum mai tsayi za ta kasance. Sai ta kauce gefe kamar an wuce ta, ta bi baya har zaure, ta fita. Ban ga kowa ba. Rana tarwai, kaji suna tono, tsintsiya a hannuna.

Kafin azahar ta dawo. A bakin zaure kuwa ga zomo a kwance, da hudar kibiya a haƙarƙari, an yanka shi, an fuskantar da shi gabas.

Masu zaman makoki suka ce wani abokin farautar Baba ne ya kawo sadaka bai son a sani. Gogo ta duƙa ta dubi yankan, ta miƙe. Ni ma na duba. Wuƙar daga dama ta faro ta ja zuwa hagu. Yankan bahago ne. Aka ce kar a ci, aka yar bayan gari. Talatu matar maƙeri, wadda ta fi kowa salati a wurin, ita ce gidanta ya yi ƙamshin nama da yamma. Har ta mutu tana cewa kaza ce.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Zomon babu hanta a cikinsa. Tun ina ƙarama, duk abin da Baba ya harbo sai ya cire hantar ya gasa a daji, ya ƙunso a ganyen kalgo, ya ɗora mani a kan faifan da ke rufe randa, kar sauran yara su gani. Da na shiga ɗaki shan ruwa, ga ƙunshin kalgo a kan faifai, da ɗuminsa. Na buɗe, ga hanta gasasshiya. Sai kuma na cinye. Ku faɗi abin da za ku faɗa, daga hannun ubana ta fito.

Rana ta biyu zabuwa ce. Ta uku gada. Kullum da hantsi Guntuwa ta bi wanda ba mu gani, kullum kwari ya rage kibiya ɗaya, kullum ina samun ƙunshina. Masu gaisuwa suka fara raguwa. Waɗanda suka zo daga Ɗantutture ko tabarma ba su zauna ba, daga tsaye suka yi addu'a suka juya. Liman ya zo ya yi tofi a kusurwoyin gida, ya ce wa Sabitu, "Ni ban san wannan a littafi ba, amma igiya ce kawai, kwance ta hankalin mata ya kwanta." Sabitu ya ce to. Bai kwance ba.

Ran nan Gogo ta ja ni bayan rumbu.

"Ke mai dogon baki, saurara, kuma in na ji wannan a bakin rijiya sai na karya ki. Kakana Ummaru a hanyar Shema ya mutu, aka rufe shi can, bakansa yana gida a ɗaure. Haka aka yi ta samun nama. Mutane har murna suke, wai albarka ce. To maharbi in kibansa suka ƙare a daji, wa yake kira ya kawo masa wasu?"

Na ce, "Ɗansa."

"Ya'u sunansa, wan babanmu. Ya ɗauki kibau ya fita da hantsi. Takalmansa kaɗai aka samu a gindin tsamiyar ƙorama, a jere, kamar ya shiga masallaci. Daga nan aka kafa dokar kwancewa."

"To Gogo, mu kwance mana da kanmu."

Ta kai mani duka a baya. "Ki taɓa? Ki kashe abin da maza biyar suka riƙe? Allah ya kiyaye!"

A rana ta huɗu na tarar da Sabitu a inuwar ɗaki da kyauro, karan da ake yin kibiya da shi, a gabansa da kawunan kibau da ya tono a jakar Baba. Yana fiƙewa, yana ɗaurewa da jijiya, kamar wanda ya shekara talatin yana yi. Mutumin da in ka ba shi wuƙa sai ya yanke kansa.

"Tela," na ce, "yaushe aka sake sana'a? Ko wando za ka ɗinka wa gada?"

Da can da ya rama, don bakinsa ma ba baya ba. Bai ɗago ba. Ya ce, "Sun kusa ƙare masa, Yaya." Sai na lura da hannun hagu yake aikin. Sabitu ba bahago ba ne.

Rana ta biyar aka sami barewa a zaure, kwari ya zama wayam. Gogo ta roƙe shi har da kuka, ta kira shi da sunan da uwarmu take kiransa. Ya dube ta kamar daga nesa yake hango ta. Maza biyu suka ce za su tsare ƙofa washegari, amma da gari ya waye kowanne ya aiko wai cikinsa ya ɓaci.

Da hantsi Guntuwa ta miƙe. Ta je turaka, ta kaɗa wutsiya, ta kauce. Amma yau ba ta bi ba sai da ta waiwayo ta dubi Sabitu. Ya tashi, ya rungumi kibau bakwai da ya haɗa, ya bi ta. Gogo ta riƙe rigarsa, rigar ta yage a hannunta, ko juyowa bai yi ba.

Ban yi wani dogon tunani ba, kar in yi maku ƙarya. Na faɗa turaka na fizgo bakan daga bango. Gogo ta ƙwalla ƙara kamar an zuba mata ruwan zafi. Bakan yana da ɗumi a wurin riƙo, irin ɗumin abin da aka saki yanzu, tsirkiyar kuma tana wani ɗan kuka a hankali kamar zuma a cikin tulu. Na ɗaure zane na bi su da gudu, ta gaban maƙera, ta gaban rijiya, mata suna kallo baki buɗe. Na san na ba su abin taunawa na shekara goma.

A ƙorama na cim masu. Ta ƙafe, yashi ne fari fat. Guntuwa a gaba, Sabitu a baya, tsamiyar tana can ƙetare. Tsakanin karyar da Sabitu kuwa yashi yana lotsawa shi kaɗai, taki bayan taki. Sawun ƙafa ne babu takalmi, na hagu da yatsu huɗu. Maciji ya ci wa Baba ƙaramin yatsa tun kafin a haife ni.

Na kira Sabitu sau uku, bai ji ba. Har ya fara zare takalminsa ɗaya.

Sai na tuna abin da ke tayar masa da hankali tun muna yara, wato in taɓa kayansa. Na jefar da bakan a yashi.

"Kai tela! Dubi bakan ubanka!"

Na tsallake shi. Na dawo na sake tsallakewa. Na tattara zane na zauna daram a kansa, na miƙe ƙafafu.

Ya waiwayo. Na ga idonsa ya dawo cikin kansa.

"Yaya! Kin haukace? Tashi! Tashi, la'ananniya!"

Ya watsar da kibau ya yo kaina. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Amma ta bayansa na ga sawun ya tsaya. Sai ya juyo. Taki ɗaya, biyu, yashi yana lotsawa, yana nufo inda nake zaune. Guntuwa ta kwanta ta sa kai a ƙasa.

Da ƙyar na ce, "Baba, ni ce Hasana. Na taɓa, na tsallake, na zauna. In duka ne ka dake ni. Amma ba za ka tafi da shi ba. Ko zomo bai iya riƙewa, me zai yi maka a can?"

Sabitu ya ga abin da nake kallo. Ya durƙushe kusa da ni. Sawun yana taki uku daga gare mu, sai biyu.

"Kwance," na ce masa. "Ƙullin hannunsa ne, na sani. Kai ma hannunsa ne ya yi ka. Kwance mutumin nan ya huta, kwana shida yana yawo cikin rana."

Na ɗaga, ya zaro bakan. Ya sa gwiwa ya lanƙwasa shi, da hannun dama ya zare tsirkiyar. Kukan nan na zuma ya ɗauke.

"Baba," ya ce, "farauta ta tashi. Ka huta."

Sawun ya tsaya taki ɗaya daga gwiwata. Muka daɗe muna kallonsa, bai ƙara ba. Sai Sabitu ya fashe da kuka, irin na yaro, har da majina, kukan da bai yi ba tun ranar Laraba. Na bar shi ya yi. Da ya gama na ce ya sa takalminsa, ɗaya a ƙafa ɗaya a yashi kamar mahaukacin kasuwar Kurfi.

Gogo ba ta yi mani magana ba shekara biyu. Gaskiyarta ce ta wani ɓangaren, don daga ranar babu wanda ya sake harbo ko ɓera a zuri'armu. Jikokinmu malaman makaranta ne da direbobi. Sabitu ya koma Dutsin-Ma bayan sadakar bakwai, ya yi ta ɗinki har idonsa ya daina ganin kafar allura, kuma duk sallah sai ya aiko mani da zane, da saƙon wai in zauna a kansa.

Amma washegarin ranar ƙorama, da hantsi, Guntuwa ba ta tashi ba. Na yi shara na gama, na yi ta zagaye tsakar gida, sannan na shiga ɗaki. Faifai yana kan randa, babu komai a kansa. Na ɗaga shi na duba ƙasa, na leƙa bayan randa har da lalube. A nan na zauna a ƙasa, na yi nawa kukan.