Yatsun Yagana

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don Radiyya ba ta son a yi zancen hannunta. Daga baya ita ce da kanta ta ce in rubuta.

Radiyya 'yar Gashua ce. Mahaifiyarta, Yagana, suyar kifi take yi a bakin kasuwa. Tun Radiyya tana rarrafe ta dafa garwashi da hannun hagu. Aka fasa ƙwai aka shafa mata, aka naɗe hannun dunƙule guda, aka ce kada a taɓa sai ya warke. Ya warke kuwa, amma yatsu uku suka manne da juna, suka lanƙwashe cikin tafi. Shi ya sa kullum hannun yana cikin hijabi, har a cikin gida.

Sai ga shi bana kaskon mai ya kife wa Yagana a hannun dama. Aka kai ta asibiti a Nguru. A can suka haɗu da Dakta Haula, wadda ta daɗe tana bin mata masu suya da bandar kifi, tun daga Nguru har Dagona, tana binciken abin da ke kashe hannu bayan ƙuna ta rufe. Abin da ta gano ta rubuta, har ma'aikatan jinya na wasu garuruwa suna zuwa koyo wurinta. Ranar sallama ta zaunar da Radiyya ta nuna mata: kowane yatsa da naɗinsa daban, kuma kullum sai an miƙe su an lanƙwasa, ko da mai ciwon tana kuka.

"Ciwon zai rufe, wannan ba ni da shakka," in ji Dakta. "Ni so nake ta riƙe matsaminta ta tsame kifi da kanta. Za ki iya, ƙanwata?"

Radiyya ta gyaɗa kai, idonta a ƙasa.

Bayan sun koma gida, Goggo Kaltum, yayar mahaifin Radiyya, ta taso daga Katuzu ta zo dubiya. Tun daga zaure ta ji kukan Yagana. Ta shigo ta tarar Radiyya ta kama yatsan uwar tana miƙewa a hankali.

"Innalillahi! Ke 'yar nan, uwar taki kike murɗe wa hannu kamar wuyan kaza?"

"Goggo, likita ce ta ce a yi."

"Likita! Ita likitar ta taɓa ƙonewa? Tun kafin a haife ta muke jinyar ƙuna. A naɗe, a bar ciwo ya huta, shi ke nan. Yagana, ke ma kin zauna 'yar cikinki tana gana miki azaba?"

Yagana ta share hawaye da gefen zane. "Wallahi Yaya, na gaji. Radiyya, ki bar ni haka. Yadda Allah ya so."

Goggo ta kwance ƙullin da ta zo da shi. Ƙwai ne da tsohon zane da ta yayyaga. Ta matso ta miƙa hannu za ta kama Yagana.

Radiyya ba ta taɓa ɗaga wa babba murya ba. Yanzun ma ba ta ɗaga ba. Tashi ta yi ta shiga tsakaninsu, ta fito da hannun hagun daga cikin hijabi, ta ɗora shi a kan ƙullin.

"Goggo, wannan ma ya huta," ta ce. "Ki dube shi da kyau. Ko tsintsiya ba ya riƙewa. Da hannun Inna muke ci. Ki zage ni, ki kai ƙarata duk inda kike so, amma ba za a naɗe shi dunƙule ba."

Goggo ta kalli hannun, ta kawar da kai.

"To, marar kunya, kin yi baki ke nan. Mu da muka ɗauka kurma aka haifa mana!" Ta suri mayafinta ta fita, ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba. Ƙwan ma a nan ta bar shi.

Yagana ta jima tana kallon hannun 'yarta, don ita ma ta daɗe rabonta da ganinsa a fili.

Washegari da safe Radiyya ta soya ƙwan Goggo suka karya da shi. Ta rataye hijabinta a ƙusa, ta wanke hannuwanta duka biyu da sabulu, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ta ɗauko matsamin suya ta ajiye inda uwar za ta riƙa ganinsa.

"Inna, miƙo."

Yagana ta cije leɓe, ta miƙo. Radiyya ta tallafi hannun da nata mai mannannun yatsu, ta kama ɗan yatsan farko.