Gurbin da Baba Ya Auna

Tun da Auta ta ƙudiri aniyar haɗa sabuwar kwamfuta, ba a sake ganin ta zauna wuri ɗaya ba. Aikinta zanen gine-gine ne, irin wanda za ka ga gida har da inuwar tagoginsa tun ba a aza tubali ba. Tsohuwar kwamfutarta kuwa ta gaji, da an ɗora mata zane mai nauyi sai ta kama nishi.

Su kuma kayan kwamfuta jarababbu ne, ba da kowa suke zama ba. Sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya dace da mazauninsa a kan madabod, allon da ake dasa komai a kai, sai madabod ya yarda da ram, ma'ajiyar aikin da ake kan yi, sai akwatin wuta ya iya ciyar da su duka. Auta ta duba, ta sake dubawa, tana cin abinci tana dubawa, har Umma ta ce, "Ke, ko surukai ai ba a yi musu wannan bincike."

A cikin binciken ne ta gano katin hoto, wanda shi ke ɗaukar nauyin zanen, ya fi ƙarfin akwatin da ta zaɓa don zuba kayan duka a ciki. Tsawo gare shi kamar me. Ta yi hamdala da ta gani da wuri, ta sauya akwati zuwa babba, ta yaba wa kanta.

Teburin Baba ne kawai bai faɗo mata a rai ba.

Baba kafinta ne. Bara ciwo ya taɓa masa hannun dama, tun daga nan ya koma kan kujerar ƙofar ɗaki, ba um ba um-um. Jin Auta za ta haɗa kwamfuta ne ya tashe shi. Ya ce zai yi mata tebur mai gurbi a gefe, inda akwatin zai shige ɗas. Ya tambayi girman akwatin, ta ba shi awon na farko, don lokacin ba ta sauya ba. Da hannun hagu ya yi aikin, yana yi yana hutawa, bai bar kowa ya riƙe masa ko ƙusa ba. Zartonsa kuwa, tun su Auta suna yara kowa ya san dokarsa: ba a taɓawa.

Ranar da kayan suka iso, Auta ta rufe ƙofa ta haɗa su. Ta danna makunni, fankoki suka juya, fuskar kwamfuta ta kawo haske. Sai ta kashe, ta ciccibi akwatin ta nufi gurbin da shi.

Ƙwas! Ya daki katakon sama.

Ta sake turawa, sai ka ce katako zai ji tausayinta. Ta kwance ƙafafun robar akwatin, ya ƙi, ga shi ta ƙasa yake shan iska, dole ta mayar. Ta kwantar da shi, ya fi faɗi. Ta je bakin ƙofa, ta dawo. Ta ɗauki waya ta duba ƙananan akwatuna, katin ba zai shiga ko ɗaya ba. Ta yafa wa akwatin zane, ta yaye, ta sake yafawa.

Umma ta leƙo, ta ga abin da ke nan. "To, ki faɗa masa mana."

"Umma, in ya ɗauka shi ya yi kuskuren awo fa? Zai ce hannun ya gama aiki. Kujerar nan zai koma."

Umma ma tsoron da take ji ke nan. Sai ga ƙarar silifas ɗin Baba, yana jan ƙafa.

Baba ya dubi akwatin, ya dubi gurbin. Ya zaro tef daga aljihu, ya auna. Fuskarsa ta sauya.

"Ashe ido ma ya bi hannun," ya ce a hankali.

"Wallahi ba kai ba ne, Baba! Ni na canja akwatin, ban faɗa maka ba."

"Kada ki lallashe ni, Auta. Nawa kika ce min da farko?"

Ta faɗa. Ya sake ja da tef ɗin, ya matso da fuskarsa, ya daɗe yana kallo. Gurbin daidai yake da awon, ko gashi bai kauce ba. Sai ya saki dariyar da aka kwana biyu ba a ji ba a gidan.

"Ja'ira! Kin tambayi kowane ƙarfe ko ya yarda da ɗan'uwansa, kin manta da ubanki."

Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya ja layi a jikin katakon. Ya ce a rage nan, a ɗaga saman, iska ma ta samu hanya. Amma yankan a cikin lungu yake, kuma duk su ukun sun san hannun hagu ba zai iya ba. Baba ya fita. Da ya dawo, zarton na hannunsa. Ya ɗan tsaya yana kallonsa, sannan ya juya ƙotar ya miƙa mata.

"Ni zan danne katakon. Ki bi layin, kada ki tilasta shi, bar shi ya ci da kansa."

Auta ta karɓa. Ta ɗora haƙoran zarton a kan layin, ta fara ja.